Faladiyom, zinare, jan ƙarfe ko gami: wanne za ka ɗora wa fomik asid in haidirojin kake nema?

Wannan rubutun na mutumin da ya tsaya tsakiya ne, ga fomik asid a kwalba, ga jerin ƙarafa kowace takardar bincike tana cewa nata ne ya fi, kuɗin hannu kuma ba zai sayi duka ba. Ni shawarata tun daga farko kar ka fara da tambayar wanne ya fi sauri. Fara tambayar kanka CO (kabon monoksaid, gubar da ke iya fitowa tare da haidirojin) nawa aikinka zai iya ɗauka, sannan a ruwa za ka yi aikin ko a tururi. In ka amsa waɗannan biyun za ka ga rabin jerin ya zube da kansa.

Bari mu ɗan tuna abin da ke faruwa tukuna. Fomik asid, HCOOH, sunansa daga kalmar Latin ta tururuwa ya fito, don a jikin tururuwa aka fara tace shi a ƙarni na 17. Ruwa ne a zafin ɗaki, yana tafasa a wajen digiri 101, kuma lita ɗaya tana ɗauke da haidirojin kimanin giram 53, wato kashi 4.4 cikin ɗari na nauyinsa, shi ya sa ake kwaɗayinsa a matsayin ma'ajiyar haidirojin da ba sai an nemo silinda mai matsin bar 700 (kusan ninkin matsin iska sau 700) ba. To amma idan ya sauka kan ƙarfe hanya biyu ce a gabansa:

HCOOH → H2 + CO2
HCOOH → H2O + CO

Dukansu biyun suna iya faruwa, katalis, wato ƙarfen da ke hanzarta rushewar ba tare da shi ya ƙare ba, shi ne ke zaɓar wadda za a bi. A hanyar farko galibi haɗin O–H ne ke fara tsinkewa, abin da ya rage, wato fomet, ya kafa ƙafafunsa biyu na oksijin kan atam biyu na ƙarfe ya tsaya. Kafin ya zama CO2 sai ya ɗaga ƙafa ɗaya ya kwanta yadda haɗin C–H zai taɓa ƙarfen ya tsinke, wannan kwanciyar ita ce matakin da ya fi jan lokaci a kan ƙarafa da yawa. Idan kuwa C–H ne ya fara tsinkewa, COOH ake samu, shi kuma wani lokaci ya ba da CO2 wani lokaci ya yar da OH ya bar CO manne a wurin. Nan ne asalin ciwon yake.

Ma'aunan da zan yi amfani da su

Na farko kuma babba, tsaftar gas ɗin. Idan haidirojin ɗin fiyul sel irin PEM za ka ba, wato na'urar da ke mayar da haidirojin wutar lantarki, anod ɗinsa filatinom ne, kuma CO ɗin da ya kai 'yan gomomin ppm (kashi cikin miliyan) ya isa ya kwantar da shi. Ƙa'idar ISO 14687 ta haidirojin ɗin motoci 0.2 ppm kacal ta yarda da shi. To ka ga wanda ya ce maka katalis ɗinsa yana bin hanyar farko kashi 99 cikin ɗari, ragowar kashi 1 ɗin nan dubban ppm ne, ko kusa bai isa ba.

Na biyu zafin da yake buƙata da saurinsa. Ana auna saurin da TOF, wato molikul nawa atam ɗaya na ƙarfe ke juyawa a awa. Don Allah a yi hattara da wannan lambar, wasu da duka ƙarfen suke lissafi wasu da na sama kawai, wasu mintuna biyar na farko suka auna kafin katalis ya gaji, da yawa kuma ba tsurar asid suka sa ba, sun haɗa da sodiyom fomet ko amin (sinadari ɗan gidan amoniya), wanda shi kaɗai yana iya ninka saurin. Lambobi biyu daga takardu biyu ba sa kwatantuwa sai ka duba duk waɗannan.

Sai ɗorewa, ya jure guba, kar ya narke a asid, kar ƙwayoyinsa su dunƙule. Sai farashi, sai sauƙin haɗawa ko saye, sai haɗari ga kai mai aikin.

Akwai tsohuwar taswira da ke taimakawa. Paul Sabatier na Faransa, wanda ya ci kyautar Nobel a 1912, shi ya kafa tunanin cewa katalis mai kyau ba ya riƙe abu da ƙarfi sosai, ba ya kuma sakinsa da wuri. A wajen 1960 Sachtler da Fahrenfort a Holan suka gwada wannan da fomik asid ɗin nan, suka jera ƙarafa bisa ƙarfin riƙonsu ga fomet, zanen ya fito kamar tsauni. Zinare da azurfa a gindi ta ɓangaren masu sakin hannu, nikel da baƙin ƙarfe da tangistan a ɗaya gindin na masu ƙanƙamewa, filatinom da iridiyom da faladiyom da 'yan uwansu a ƙololuwa. Taswirar tana nan daram har yau, sai dai a tururi aka yi ta kan ƙarfe mai manyan ƙwayoyi, kuma ba ta ce komai kan CO ba. Za ka ga inda ta gaza in mun zo kan zinare.

Faladiyom zalla

In a ruwa za ka yi aiki, a zafin ɗaki zuwa digiri 60, babu ƙarfe guda ɗaya da ya kama ƙafar faladiyom. Kuma ba sai ka haɗa ba, Pd/C, wato faladiyom da aka ɗora kan garin kabon, mai kashi 5 ko 10 ana sayar da shi a shirye a duk kamfanonin sinadarai.

Duk wanda ya taɓa gwadawa ya san yadda abin yake. Ka zuba baƙin garin nan miligiram 50 a kwalbar gwaji da ruwa, magnet yana juyawa, ka yi allurar asid da sodiyom fomet ta robar murfi, kafin ka ajiye sirinji kumfa ta fara tashi, ruwan buret yana sauka har kana rige-rige da agogo wajen rubuta lamba. Mililita ɗaya na tsurar asid in ya ƙare tas gas ne wajen lita 1.3, rabi H2 rabi CO2, in ka bi da shi ta ruwan NaOH ya shanye CO2 sai ka ga adadin ya koma rabi. To bayan 'yan mintuna sai saukar ruwan ta fara ja, ta ƙara ja, har ta kusa tsayawa alhali asid na nan bai ƙare ba. Ka tace garin, ka wanke, ka busar a iska, ka mayar, sai ka ga ya farfaɗo sosai. Wannan gajiyar ita ce babban aibin faladiyom, ana danganta ta da ɗan CO ɗin da ke taruwa a fuskarsa da kuma fomet da sauran abubuwan da ke toshe wuraren aiki. Ga shi kuma faladiyom yana shan haidirojin cikin jikinsa ya zama haidiraid, ya kumbura ya koma, wanda ba ya yi wa ƙananan ƙwayoyi daɗi.

Abin da aka ɗora shi a kai yana da tasiri ƙwarai. Ƙwayoyi masu girman nanomita 2 ko kusa da haka, a kan kabon mai faɗin fuska ko wanda aka sa wa naitirojin ko amin, sun fi na kasuwa nesa ba kusa ba, don amin ɗin yana taya cire haidirojin ɗin O–H. Ƙungiyar Qiang Xu a Japan ta samu TOF sama da 2,000 a awa a digiri 50 da irin wannan tsarin, a haɗin asid da fomet.

Farashi kuwa ba ya zama wuri ɗaya. A Maris 2022 oza ɗaya, giram 31.1 kenan, ta haura dala 3,000, a 2024 ta dawo wajen dala 1,000, kuma kusan kashi 40 cikin ɗari na abin da ake haƙowa a duniya daga Rasha yake fitowa, sai Afirka ta Kudu. Amma ka yi lissafin nan: miligiram 50 na Pd/C mai kashi 5 faladiyom ɗin cikinsa miligiram 2.5 ne, a farashin 2024 bai kai senti 10 ba. Wato a teburin lab tsadar ƙarfe ba ita ce damuwarka ba, sai ka tashi gina babban inji take zama magana. Haɗarinsa ɗaya ne da kowa ya kamata ya sani, busasshen Pd/C da ya sha haidirojin in ya haɗu da iska da tururin methanol yana kamawa da wuta nan take, kar a bar takardar tacewa ta bushe a kwandon shara, a jiƙa ta da ruwa.

Filatinom

A taswira yana ƙololuwa, amma ka zuba Pt/C a ruwan fomik asid a zafin ɗaki ka gani, da ƙyar za ka ga kumfa. Yana riƙe CO da ƙarfi, ɗan kaɗan da ya samar ya rufe shi ruf. A tururi, sama da digiri 100, yana aiki da kyau don zafi na taya shi sakin CO ɗin, sai dai CO ɗin da ya saki cikin gas ɗinka zai tafi.

Inda labarinsa ya fi armashi a kan elektrod ne. Tun 1973 Capon da Parsons suka bayyana hanyoyin nan biyu a kan filatinom, kuma aka gano cewa hanyar CO tana buƙatar atam ɗin filatinom da yawa a jere kusa da juna, hanyar CO2 kuwa ba ta buƙatar fili haka. Shi ya sa in aka yayyafa bismat ko antimoni ko dalma a fuskarsa, suka raba filin, sai gubar ta ragu sosai. Gamin PtBi da aka yi aiki a kai a Jami'ar Cornell farkon shekarun 2000 kan wannan dabarar yake. Ka riƙe wannan maganar ta raba fili, ita ce za ta dawo a gamin faladiyom.

Zinare

Nan taswirar 1960 ta gaza. Farantin zinare kusan ba ya yi wa fomik asid komai. Amma a 2009 Ojeda da Iglesia a Berkeley suka nuna zinare da aka baza sosai kan alumina yana fasa tururin asid ɗin a wajen digiri 80 da saurin da ya wuce na filatinom, CO ɗin kuma ƙasa da 10 ppm, kuma suka danganta aikin da ƙwayoyin da suka yi ƙanƙantar da maikroskop ɗinsu na elektron bai iya ganinsu ba. A 2012 wata ƙungiya a Jami'ar Fudan ta Shanghai ta yi makamancin haka a ruwa, zinare kan zakoniya, a haɗin asid da amin.

Abin so a zinare shi ne ba ya ƙanƙame CO, ba ya kuma narkewa a asid ɗin. Wahalarsa haɗawa. Duk sirrin a ƙanƙantar ƙwayar yake, in ta girma ta kai nanomita biyar zuwa goma aiki ya tafi, kuma gishirin da ake farawa da shi, HAuCl4, kuloraid ɗinsa in ba a wanke tas ba shi ke sa ƙwayoyin su dunƙule wajen gasawa. Mutum biyu su bi hanya ɗaya su samu katalis biyu daban, wannan ba baƙon abu ba ne a zinare. Gargaɗi kuma mai muhimmanci, gishirin zinare da amoniya suna iya haɗa wani sinadari da ke fashewa in ya bushe, duk hanyar da ta ce a sa amoniya a bi ta da ilimi. Farashi ba sai na faɗa ba, oza ta haura dala 4,000 a Oktoba 2025.

Jan ƙarfe

Wannan ina ganin ana raina shi fiye da kima. A kan tsaftatacciyar fuskar jan ƙarfe hanyar fomet kawai asid ɗin ke bi, CO2 da H2, babu CO. Gwaje-gwajen da Madix da ɗalibansa suka yi a Stanford a shekarun 1970 kan kiristal ɗin Cu(110), wato wata fuska ta musamman ta jan ƙarfe, sun nuna abin a fili: fomet yana zaune abinsa har zafi ya kai wajen Kelbin 470, kusan digiri 200 kenan, sannan CO2 da H2 su fito tare a lokaci ɗaya. Wannan shi ne kyansa, shi ne kuma aibinsa. Tsafta akwai, amma sai da zafi, to dole tururi, dole tanderu, dole bututu mai jure asid mai zafi.

A ruwa kar ma ka fara, in akwai iska a ciki zai narke ka ga ruwan ya koma shuɗi-shuɗi. Ko a tururi sai ka fara wanke shi da haidirojin mai zafi ya koma ƙarfe zalla kafin aiki, in ya sha iska kuma ka sake. Sannan ka lura da abin ɗorawa, alumina da sauran oksaid masu asid a zafin digiri 200 su da kansu suna cire ruwa daga fomik asid su ba ka CO, sai ka ɗora wa jan ƙarfe laifin da ba nasa ba. Kabon ko silika sun fi. Kuɗi kuwa, tan ɗaya a 2024 wajen dala 9,000 ne, giram bai kai senti ɗaya ba, faladiyom ya ninka shi sama da sau dubu uku.

Akwai ƙoƙarin gyara shi da ɗigon filatinom, atam ɗaya-ɗaya a warwatse cikin fuskar jan ƙarfe. Ƙungiyoyin Sykes da Flytzani-Stephanopoulos a Jami'ar Tufts sun nuna a 2017 cewa hakan yana ƙara yawan fomet da ke samuwa ba tare da CO ya shigo ba, amma matakin tsinke C–H bai sauƙaƙa sosai ba, wato zafin nan dai sai ka ba shi.

Nikel

Ba zan daɗe a nan ba. Yana da araha, giram a 2024 wajen senti 2, yana kuma fasa asid ɗin, amma hanya biyun duka yake bi, CO na fitowa da yawa. A asid yana narkewa. Mafi muni, nikel mai laushin gari da CO a ɗumi kaɗan suna haɗa Ni(CO)4, ruwa mai tafasa a digiri 43 wanda shaƙar kaɗan ke kisa. Ga masu nazarin fuska dai yana da wani abin mamaki, Falconer da Madix a 1974 sun ga abin da ya manne kan Ni(110) yana rushewa gaba ɗaya cikin 'yan digiri kaɗan, kowane gurbi da ya buɗe yana hanzarta rushewar na kusa da shi, har ake kiran abin fashewar fuska. In ka haɗa shi da jan ƙarfe kuma ka sani jan ƙarfen ne ke taruwa a sama bayan gasawa, ko da a ciki nikel ya fi yawa.

Gamin faladiyom da azurfa, da na faladiyom da zinare

Nan ne ainihin inda mafi yawan masu tambaya ke rasa na ɗauka, don haka bari in zauna a kai.

Tunanin ba sabo ba ne. Schwab a shekarun 1940 ya yi ta gwada fomik asid kan gamin azurfa da wasu ƙarafa yana neman alaƙar elektron da aikin katalis, Eley da Luetic kuma a Ingila sun gwada shi kan gamin faladiyom da zinare a 1957. Abin da ya sake tayar da maganar shi ne neman haidirojin. A 2008 ƙungiyar Wei Xing a Changchun ta nuna PdAu/C da PdAg/C sun fi Pd/C ɗorewa a ruwa a wajen digiri 90, a 2011 kuma ƙungiyar Edman Tsang a Oksfod ta fito da ƙwayoyi masu cikin azurfa da siririn ɓawon faladiyom, suna aiki a zafin ɗaki, ba amin ba fomet, CO ƙasa da 10 ppm. In ɓawon ya yi kauri amfanin azurfar ya ɓace, ya koma kamar faladiyom zalla.

Me ƙarfe na biyun ke yi? Abu uku ne a cakuɗe. Yana raba filin faladiyom, CO kuma ya fi son ya zauna a ramin da ke tsakanin atam uku na faladiyom ko gadar atam biyu, in babu irin wurin riƙonsa ya yi rauni. Yana canza elektron ɗin faladiyom. Sannan yana miƙe shi, don tazarar atam a azurfa da zinare wajen 2.88 zuwa 2.89 angistirom ce, ta faladiyom 2.75. Gwajin da ya fi gamsar da ni shi ne na ƙungiyar Mullins a Jami'ar Texas a 2014, sun ɗora faladiyom kan kiristal ɗin zinare a ɗaki mara iska, suka ga inda faladiyom ke maƙwabtaka da zinare H2 da CO2 ake samu, inda kuwa ya taru ya yi tsibiri shi kaɗai nan hanyar CO ke buɗewa. To ba yawan zinaren da ka zuba ne ke magana ba, yadda suka gauraya a fuska ne.

Yanzu tsakanin biyun. Azurfa araha ce, oza a 2024 wajen dala 30, duk atam ɗin da ta maye ta rage maka kuɗi, kuma a zafin ɗaki PdAg yana cikin mafi sauri da aka sani. Amma tana da rigima wajen haɗawa, in gishirin faladiyom ɗinka mai kuloraid ne nan take farin AgCl zai zube a kwalba, dole ka nemi naitiret ko asitet. Ayon ɗin faladiyom kuma yana cin azurfa ya maye gurbinta, sai ka nufi ciki da ɓawo ka ƙare da ƙwaya mai rami. A doguwar tafiya cikin asid da iska azurfa tana iya zagwanyewa a hankali. Zinare kuwa ba ya zagwanyewa, yana gauraya da faladiyom a kowane kaso, gishirinsu biyun masu kuloraid ne suna zama a kwalba ɗaya lafiya, sai dai ya ƙara maka kuɗi maimakon ya rage. A ganina in awanni kaɗan ne ko gwajin sauri, azurfa. In inji ne da zai yi makonni yana aiki, zinare.

Dukansu fuskar ba ta zama yadda ka bar ta. In aka gasa ba gas, azurfa ko zinare ke hawowa sama, in CO ko haidirojin na nan sai su janyo faladiyom. Saboda haka auna kason ƙarfe kafin aiki kawai bai isa ba, a sake aunawa bayan aiki, a kuma duba ruwan da aka tace ko ƙarfe ya zuba a ciki.

| Katalis | Inda ya fi aiki | CO | Ɗorewa | Kuɗi | Haɗawa |
|---|---|---|---|---|---|
| Pd | ruwa, digiri 25 zuwa 60 | kaɗan, amma yana gajiyar da shi | matsakaiciya, wanki na farfaɗo da shi | tsada | ana saye a shirye |
| Pt | tururi sama da 100, ko elektrod | yana rufe shi a sanyi | ba ya narkewa, guba ce matsalarsa | tsada | ana saye a shirye |
| Au ƙanana | tururi wajen 80, ko ruwa da amin | ƙasa ƙwarai | mai kyau in bai dunƙule ba | mafi tsada | wuya |
| Cu | tururi, 150 zuwa 250 | ƙasa, in abin ɗorawa bai kawo ba | iska da ruwan asid na ɓata shi | mafi araha | sauƙi |
| Ni | tururi mai zafi | da yawa | yana narkewa | araha | sauƙi, amma ga guba |
| PdAg | ruwa, zafin ɗaki | ƙasa ƙwarai | mai kyau, azurfa na iya zuba | ƙasa da Pd | sai da kula |
| PdAu | ruwa, zafin ɗaki zuwa 90 | ƙasa ƙwarai | mafi kyau | sama da Pd | matsakaici |

Akwai haɗarin da ba ruwansa da ƙarfen da ka zaɓa. Asid ɗin yana ƙona fata da ido, tururinsa na cin huhu. Mai ƙarfin kashi 98 zuwa sama yana rushewa a hankali cikin kwalba ya tara CO, shi ya sa murfinsa ke da mashaƙa, kar a canza masa murfi. Haidirojin yana kamawa daga kashi 4 har 75 cikin ɗari a iska. Kar kuma a taɓa toshe kwalbar da katalis ke ciki, ka tuna lita 1.3 daga mililita ɗaya.

To wa zai ɗauki wanne?

In ɗalibi ne kai kana fara bincike, sayi Pd/C na kasuwa ka fara da shi ko da ba shi ne burinka ba, ka maimaita har lambobinka su riƙa fitowa iri ɗaya, shi ne ma'aunin da za ka gwada duk wani gami da shi. Kuɗin da ka tanada ka kai shi wajen auna CO, don na'urar tantance gas ta GC mai ma'aunin TCD kaɗai ba ta ganin 'yan ppm, sai da methanaiza, mai mayar da CO methan, da ma'aunin FID, ko na'urar infrared. Duk inda ka karanta ba a ga CO ba, ka nemi iyakar ganin na'urarsu.

In ƙaramin janareta kake so ya ciyar da fiyul sel ba tare da tanderu ba, PdAu ko PdAg kan kabon mai amin, ka riƙe zafi ƙasa-ƙasa don CO na ƙaruwa da zafi. Ko CO bai fito ba rabin gas ɗin CO2 ne, ga ɓurɓushin tururin asid, to ka tanadi abin tacewa, in tsafta ta ƙarshe ake so akwai tantanin faladiyom mai azurfa kashi 23 wanda haidirojin kaɗai ke ratsawa.

In kana da zafin banza daga wani inji kuma babban aiki ne inda kuɗin ƙarfe ke da nauyi, jan ƙarfe kan kabon ko silika. In zafin da ke hannunka bai kai digiri 100 ba amma tururi kake so da gas mai tsafta, zinare ƙanana, muddin akwai wanda ya iya haɗa shi.

In wutar lantarki kai tsaye kake nema daga asid ɗin ba haidirojin ba, faladiyom ya fi ba da ƙarfi da farko, filatinom mai bismat ya fi daɗewa.

Mai son fahimtar yadda abin ke gudana, Cu(110) ne wurin farawa, sai Pd kan Au(111), ya kuma sayi DCOOH da HCOOD, wato fomik asid da aka maye H ɗaya da haidirojin mai nauyi (D), in saurin ya faɗi da na farkon C–H ne ke jan aiki, in da na biyun O–H ne.

In matsi kake so, haidirojin ya fito da ƙarfinsa ba kwamfuresa, ka leƙa narkakkun katalis na rutiniyom da ƙungiyoyin Laurenczy a Lozan da Beller a Rostok suka fito da su a 2008, a wannan fagen sun sha gaban ƙarafan da muka lissafa. In kuwa CO ɗin ne ma abin nemanka, ajiye ƙarafan nan gaba ɗaya, salfiyurik asid mai ƙarfi ko ziyolait mai asid ne aikinsu, a cikin akwatin zuƙe hayaƙi da na'urar ƙararrawar CO a kunne.